Kama da wane ba wane ba ce: kalmar « consistency » da tarkonta

A shekarar 2025, kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa bisa matsayin harshen ƙasa, ya aje Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan ma'aikacin da ke zaune cikin biro a Maraɗi ko Damagaram zai riƙa cin karo da takardu cikin harsuna ukku. Saboda haka ya kyautu mu dubi wata kalma ta Ingilishi wadda ke yawan tuntuɓe da masu fassara, wato « consistency ».

Asalinta daga Latinanci ne, harshen Rumawan dā. Tushenta « consistere », wanda aka haɗa daga gaɓa biyu: « con », ma'ana tare, da « sistere », ma'ana tsayawa ko tsayarwa. In an tara su, sai a samu "tsayawa daram wuri guda". Wanda ya yi lakkwal ya san danginta cikin Faransanci: « résister » tsayawa a ƙi, « persister » tsayawa a nace, « assister » tsayawa kusa da mutum don taimako. Duk uwa ɗaya ta haife su.

Kalmar ta shiga rubutun Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 16, ta yi rassa ukku. Na farko, kauri ko ƙarfin jikin abu, kamar kaurin kunu ko kwaɓin siminti. Na biyu, daidaituwar zance, yadda farkonsa ba ya ƙaryata ƙarshensa, kamar shaidar da ba ta sāke ba gaban alƙali. Na ukku, ɗorewa bisa hali guda, abin da Bahaushe ke kira kaifi ɗaya.

Ga inda tarkon yake. Faransanci yana da « consistance » da « consistant », daga wannan tushe, amma a maganar yau da kullum reshen farko suka riƙe. « Repas consistant » abinci ne mai riƙe ciki, « salaire consistant » albashi ne mai tsoka. In Bafaranshe yana nufin daidaituwar zance, « cohérence » yake cewa. In ɗorewa ce, sai ya ce « constance » ko « régularité ».

A ɗauka takarda ta zo daga Kano, ɗan kasuwa ya yi alkawarin kawo takin zamani a « consistent supply ». Nufinsa, kaya za su riƙa zuwa ba yankewa. Mai fassara da ya ruɗu da kama ya rubuta « consistant », ya mai da alkawarin ya zama na kaya masu yawa. Gobe in rigima ta tashi, kowa ya jawo takardarsa, kowa kuwa yana ganin shi ke da gaskiya. A fannin lafiya abin ya fi haka nauyi. Maganin tarin fuka na wata 6 ne, ana shan shi kullum ba fashi. Wanda ya tsallake kwanaki yana ba ƙwayoyin cutar damar su gagari magani. In umurnin "kullum ba fashi" ya koma "da yawa", an cuci majinyaci.

Hausa ba ta da kalma guda da ta rungumi rassan ukku, kuma wannan ba kasawa ba ce. Mai fassara ya fara tambayar kansa: zancen tukunya ake, ko na shari'a, ko na hali? Sa'an nan ya zaɓi kauri, ko daidaituwa, ko ɗorewa. In ya zaɓa kuwa, ya riƙe zaɓinsa tun daga shafin farko har na ƙarshe.

Wannan ƙa'ida ta shafi rubutunmu ma. Taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, ya zauna ne don a daidaita baƙaƙen harsunanmu, har da Hausa. Mu a Nijar muna rubuta "ƴaƴa", maƙwabtanmu na Najeriya suna rubuta "'ya'ya". Kowanne ya halatta a gidansa, amma kada takarda guda ta ɗauki duka biyun, don kada a rikita dattijon da bai daɗe da fitowa daga ajin yaƙi da jahilci ba.