Yuraniyom a ƙasa, duhu a gida: me ake buƙata kafin Nijar ta samu wutar nukiliya?



A ƙarshen watan Yulin 2025 ministan makamashi na Rasha, Sergei Tsivilev, ya ziyarci Yamai, inda aka sa hannu kan takardar fahimtar juna da kamfanin Rosatom game da amfani da makamashin nukiliya ta hanyar lumana. Tun daga nan tsohuwar tambaya ta sake tasowa a majalisu da gidajen rediyo: ƙasar da ake haƙar yuraniyom a cikinta tun 1971, me ya hana ta haskaka gidajenta da shi?

Tambayar tana kan hanya. Kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da wutar lantarki a Nijar. Kafin 2023 kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin Nigelec ke rabawa daga Nijeriya yake sayowa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agustan wannan shekara, da aka yanke layin saboda takunkumin CEDEAO. Faransa kuwa, wadda ta shafe shekaru tana ɗibar ma'adinin Arlit, kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya take samu. Sai dai kafin mu yi tafi ko mu yi suka, ya kamata mu san yadda abin yake.

Yadda tashar ke aiki

Tashar nukiliya babbar tukunyar dafa ruwa ce. A tashar Sonichar ta jihar Agadas gawayin ƙasa ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururin ya juya farfela, farfelar ta juya janareta, wuta ta fito. Haka ma a tashar nukiliya, in ban da cewa zafin daga fashewar ƙwayar zarra ta yuraniyom yake fitowa. Ƙwaya ɗaya ta tsage ta saki zafi, ɓarɓashinta ya bugi wasu su ma su tsage, ana daidaita gudun abin da wasu sanduna na musamman don kada ya wuce kima.

Amfaninsa a bayyane yake. Ɗan curin makamashin da bai wuce kan yatsa ba yana ba da zafin da ya kai na gawayi kusan tan ɗaya. Tashar tana aiki dare da rana, rani da damina, ba ta fitar da hayaƙi, tana iya yin fiye da shekara ba a sake mata makamashi ba, kuma sababbin tashoshi ana gina su ne don su yi shekara 60.

Hatsi a rumbu bai zama tuwo ba

Abin da ke fita daga Arlit gari ne rawaya da ake zubawa a ganguna. Irin yuraniyom ɗin da ke tsagewa ya ba da zafi kashi 0.7 cikin 100 ne kawai a cikinsa, alhali yawancin tashoshin duniya suna buƙatar kashi 3 zuwa 5. Don haka sai an mayar da garin iska, an tace ta a dubban injuna masu juyawa, sannan a curo ta a jera cikin sanduna. Kamar gero ne da sai an sussuka, an surfa, an niƙa kafin a kai ga tuƙi, kuma duk waɗannan matakai a waje ake yin su.

Ƙasashen da ke tacewa don sayarwa ba su da yawa: Rasha, da Faransa, da Sin, da wani kamfanin haɗin gwiwar Ingila da Jamus da Holan. Ana sa ido sosai a kan wannan fasaha domin injin da ke kai wa kashi 5 shi ne ke kai wa kashi 90 na haɗa bom, kuma tushen rikicin Iran da ƙasashen Yamma ke nan. Ma'ana, ko da an gina tasha a Nijar gobe, makamashin da za a zuba mata daga waje zai zo, a kan farashin mai shi.

Kuɗi

Ma'adinin kansa ƙaramin kaso ne na kuɗin wutar nukiliya. Ginin ne ke cin dukiya. Tashar Dabaa da Rosatom ya fara ginawa a Masar a 2022 tana da tukwane 4, kowace megawat 1,200, kuma kuɗinta ya kai kimanin dala biliyan 30, wanda biliyan 25 daga ciki bashi ne daga Rasha. Wannan adadi ya fi duk abin da tattalin arzikin Nijar ke samarwa a shekara. Bangaladash ma da bashin Rasha take gina tasharta ta Rooppur mai tukwane 2, a kan sama da dala biliyan 12. Bashi irin wannan ƴaƴa da jikoki ne ke biyansa, ta takardar kuɗin wuta ko ta haraji.

Layin da zai ɗauki wutar

Wannan shi ne abin da ba a cika faɗa ba. Injiniyoyi suna da ƙa'ida cewa kada inji guda ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wutar da ke kan layin ƙasa, domin ranar da ya tsaya, don gyara ko don matsala, dole a samu abin da zai maye gurbinsa nan take, in ba haka ba layin gaba ɗaya ya faɗi. Duk injunan wutar Nijar in an haɗa su ba su kai megawat 1,000 ba, wato tukunya ɗaya ta Dabaa ta fi su. Bugu da ƙari layin a rarrabe yake: Yamai da Dosso suna rataye da Birnin Kabi, Maraɗi da Damagaram suna rataye da Katsina, Agadas da Arlit suna kan Sonichar.

Mafita biyu ake ambata. Ta farko, ƙasashen yankin su haɗa hannu su raba wutar tasha ɗaya ta manyan layuka, irin layin kilobolt 330 da aka tsara ya haɗa Nijeriya da Nijar da Benin da Burkina Faso. Wannan yana buƙatar amana tsakanin maƙwabta, abin da 2023 ta nuna cewa yana iya tsinkewa. Ta biyu, ƙananan tukwane na zamani da ba su wuce megawat 300 ba. Sun fi dacewa da ƙasa irin tamu, amma kaɗan ne ke aiki a duniya zuwa yanzu, a Rasha da Sin.

Ruwa, shara da ma'aikata

Tasha tana shan ruwa mai yawa don sanyaya ta. Shi ya sa Dabaa take bakin Bahar Rum, Koeberg ta Afirka ta Kudu, wadda ita kaɗai ce ke ba da wutar nukiliya a nahiyar tun 1984, take bakin teku kusa da Cape Town. Nijar ba ta da teku, kogin Isa kuwa yana ja da baya ƙwarai da bazara, har ya taɓa daina gudu a Yamai a 1985. Akwai dabara, kamar tashar Palo Verde da ke hamadar Arizona a Amurka, wadda ke amfani da ruwan kwatar birni da aka tace, sai dai kowace dabara ƙarin kuɗi ce.

Sai sharar makamashin da aka gama amfani da shi, wadda ke da haɗari na dubban shekaru. Mutanen Arlit sun san wannan magana, domin bayan rufe mahaƙar Cominak a 2021 an bar kimanin tan miliyan 20 na tarkacen haƙa a kusa da garin. Hatsarin Chernobyl na 1986 da na Fukushima na 2011 kuma sun nuna cewa dole a samu hukumar sa ido mai cin gashin kanta, wadda za ta iya cewa a tsaya ko da gwamnati na so a ci gaba. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, tana ƙiyasta shekara 10 zuwa 15 na shiri ga ƙasar da za ta fara, tun daga dokoki har zuwa horar da ɗaruruwan injiniyoyi.

Abin da ya kamata mu tambaya

Takardar fahimtar juna alkawarin tattaunawa ce, ba a kai ga kwangilar gini ba. Idan aka kai can, haƙƙin ƴan ƙasa ne su ji nawa ne bashin da kuma sharuɗɗansa, a ina za a gina, ruwan wa za a ɗiba, wa zai kwashe shara, kuma nawa talaka zai sayi wutar.

Kafin nan akwai aikin da ke gabanmu: kammala madatsar Kandadji mai megawat 130 da ta daɗe ana jira, ƙara tashoshin hasken rana irin ta Gorou Banda mai megawat 30, da haɗa layukan jihohi wuri guda. Waɗannan su ne za su kai wuta asibitin ƙauye a ƴan shekarun nan, kuma su ne harsashin da tashar nukiliya za ta zauna a kai in lokacinta ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ɗaliban kimiyyar da ke Jami'ar Abdou Moumouni a yau su ya kamata a fara turawa horo.

Allah Ya sa arzikin ƙasa ya amfani mutanenta.