Wa Ke Zuba wa Tafkunan Madison Taki?

Birnin Madison, hedikwatar jihar Wisconsin ta Amurka, a matse yake a kan wani siririn tudu tsakanin manyan tafkuna biyu, Mendota da Monona. Ruwan nan shi ne adon garin, shi ne kuma ciwon kansa. Da zafi ya kankama a watannin Yuli da Agusta, sai fuskar ruwan ta rikiɗe ta koma kore shar, wari ya tashi, hukuma ta kafa alluna a gaɓa ta hana wanka. Gansakuka ce ke rufe ruwan, wani irinta kuma yana da dafin da kan sa mutum ciwo, ya kashe kare in ya sha. Ba yau aka fara ba, tun shekarun 1880 ake rubuta kukan mutanen garin a kanta. Ruwa dai ba ya tsami banza, don haka masana suka daɗe suna neman mai laifi.

Abin da ke ciyar da gansakuka an san shi. A 1973 wani masani mai suna David Schindler ya raba wani ƙaramin tafki gida biyu da labulen roba a lardin Ontario na Kanada. Ya zuba wa ɓangarorin biyu sinadarai iri ɗaya, sai dai ya ƙara wa ɗaya fosfaras, wato sinadarin da harafin P ke wakilta a jikin buhun takin NPK. Ɓangaren da ya sami fosfaras ya koma kore, ɗayan ya zauna yadda yake. Tambayar Madison ta zama guda ɗaya ke nan: ta ina fosfaras ke shiga?

Wanda aka fara tuhuma shi ne ruwan bayan gida, kuma an same shi da laifi. A 1958 aka karkatar da ruwan dattin birnin, bayan an tace shi, zuwa wani rafi da ke kewaye tafkunan. A 1971 aka raba Mendota da dattin ƙauyukan da ke samansa. Na biyu shi ne gona. Wisconsin ƙasar shanun madara ce, ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suna wanko kashin shanu da takin zamani daga gonaki zuwa rafuka. Wannan laifi ma tabbatacce ne, har gobe gonaki ne ke da kaso mafi tsoka, kuma babu wani abin ɓoye a ciki.

Inda lamarin ya ɗaure kai shi ne cikin garin kansa. A Madison, kwatar ruwan sama daban take da bututun bayan gida. Duk abin da ruwa ya wanko daga titi yana bi ta ƙarƙashin ƙasa ya faɗa tafki kai tsaye, ba ya biyawa ta matatar ruwan datti. Da aka auna ruwan kwatocin nan, sai aka tarar da fosfaras mai yawa yana fitowa daga unguwannin da ba gona, ba garke, ba masana'anta. Wani bincike na 1994 zuwa 1995 ya bi sawun ruwan daga rufin gidaje, da wuraren ajiye mota, da tituna, da filayen ciyawar da Amurkawa ke shimfiɗawa a ƙofar gida. Tituna da filayen ciyawa ne suka ba da kusan kashi 80 cikin ɗari.

Nan take biri ya yi kama da mutum. Masu gida suna barbaɗa wa ciyawarsu taki don ta yi kore, ai ba sai an yi dogon tunani ba. Yankin Dane, wanda Madison ke cikinsa, ya haramta takin ciyawa mai fosfaras daga 2005, jihar gaba ɗaya ta bi sahu a 2010. Amma shekaru bayan dokar, ruwan kwatocin unguwanni bai daina ɗauko fosfaras ba.

Daga nan ne William Selbig, masanin ruwa a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ya kafa na'urori a bakin kwatocin unguwanni biyu masu kama da juna. Duk lokacin da aka yi ruwa, na'ura ta ɗebi samfuri. Aka yi ta haka daga Afrilu zuwa Nuwamba, tun 2013 har 2015. Alamu biyu suka fito.

Ta farko, lokaci. A tsakiyar zafi, lokacin da ciyawa ke tsiro ana ta yanka, fosfaras ƙasa yake. Yakan ɗan ɗaga bayan narkewar ƙanƙara, sa'ad da itatuwa ke zubar da fure da iri. Sai kuma ya yi tashin gwauron zabi a kaka, wajajen Oktoba da Nuwamba. Lissafi ya nuna cewa kashi 56 cikin ɗari na fosfaras ɗin da unguwa ke fitarwa a shekara, in aka cire watannin ƙanƙara, a kaka kaɗai yake fita.

Ta biyu, kama. Fosfaras ɗin da zaizayar ƙasa ke kawowa manne yake da ƙwayar turɓaya, in aka ajiye ruwan sai ya kwanta tare da laka. Na kaka kuwa yawancinsa narkakke ne. Ba ya kwanciya, yana wuce kududdufan da ake haƙawa don su tare datti, kuma shi ne irin wanda gansakuka ke ci nan take. Ke nan wani abu ne ke jiƙewa a kan titi yana sakin ruwansa, abin kuma yana bin kalandar itatuwa.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Zargi ya koma kan ganyen itatuwan da suka yi wa titunan Madison rumfa. Ashe ma an taɓa nuna shi da yatsa. A 1973 wasu masana biyu na Jami'ar Wisconsin, Cowen da Lee, sun tsinto busassun ganyaye a cikin garin, suka jiƙa su, suka auna ruwan. Cikin ɗan lokaci kaɗan fosfaras ya fito. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin itace ya zubar da ganye yakan janye wani kaso na abincin da ke cikinsa ya adana a jiki, amma ba ya kwashe duka. Ragowar tana cikin ganyen, kuma da ganyen ya mutu babu abin da ke riƙe ta sosai. Abin da ruwan zafi ke yi wa ganyen shayi, shi ruwan sama ke yi wa tulin ganye a bakin titi.

Sai dai akwai mai ja. Itatuwa sun yi dubban shekaru suna zubar da ganye a kewayen tafkunan nan, me ya sa sai yanzu ganye zai zama abin zargi? Amsar tana ƙarƙashin ganyen. A daji, ruwan da ya ratsa ganye ƙasa yake nutsewa. Ƙasa tana kama fosfaras ta riƙe gam, ƙananan halittu su ci, saiwa ta zuƙe, baɗi ya koma sama ya zama sabon ganye. A kan kwalta babu ƙasa, babu saiwa. Daga tulin ganye zuwa ramin kwata taku kaɗan ne, daga nan kuma bututu ne santal har tafki.

To yaya ganye ke taruwa a titi haka? Wani daga reshe yake faɗowa kai tsaye. Wani kuwa hannun mutum ne ke kai shi, kuma hannun mai tsafta. A duba wani maigida ranar Asabar a ƙarshen Oktoba. Ya rataya jakar injin zuƙar ganye a kafaɗa, ya toshe kunne saboda ƙara, yana yawo da bakin bututun kusa da ƙasa, hagu da dama. A cikin injin akwai farfela mai gudu. Ita ke jawo iska da ganye, ita ce kuma ke daddatsa shi kafin ya faɗa jaka, har masu ƙera injinan kan ce jaka goma ta koma ɗaya. Yana kaffa-kaffa da tsakuwa da ƙirare don kada su fasa farfelar. Jiƙaƙƙen ganye kuwa cushe bututun yake yi, shi ya sa ya zaɓi ranar da gari ya bushe. Da jaka ta cika, sai ya nufi bakin titi ya zazzage. Kwandon shara ba hanya ba ce, don tun 1993 dokar Wisconsin ta hana kai sharar lambu juji, motar birni ce ke zagayowa ta kwashe. Maƙwabcinsa ma ba ya wahalar cika jaka. Juya injin yake yi ya koma mai hurawa, ya kora komai har kan kwalta.

Motar ba kullum take zuwa ba. Kafin ta iso, hadari ya haɗo. Ruwan da ke gangarowa ta gefen titi ya ci karo da tulin, ya shige shi garau, ya fito ta ɗaya gefen ja-ja-ja, ya zurara ta ƙarafan kwata. Bayan kwana biyu mota ta zo ta kwashe ganyen tsaf, titi ya yi fes, kowa ya yaba. Amma kason da ya fi saurin narkewa ya riga ya tafi. Wannan ne ya sa aka daɗe ba a kama mai laifin ba: ana zuwa duba wurin, sai a tarar an share shaida.

Zargi dai ba hujja ba ne, sai an gwada. A 2015 Selbig ya bar unguwa ɗaya yadda take, a ɗayar kuma aka ɗaura ɗamarar raba titi da ganye. Ma'aikatan birni suna kwashe tuli, mota mai zuƙa tana share kwalta, kuma duk lokacin da aka ga alamar ruwa sai a bi da injin hura ganye a kawar da ɗan abin da ya saura. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya rufe bakin masu ja. A kaka, fosfaras ɗin da ke fita daga unguwar da aka share ya ragu da kashi 84 cikin ɗari, naitirojin kuma da kashi 74. Kason kaka a lissafin shekara ya faɗo daga 56 zuwa 16. Shekara guda bayan haka, masana a Jami'ar Minnesota suka kawo shaida daga biranen Minneapolis da Saint Paul: gwargwadon yawan rassan da suka lulluɓe titi, gwargwadon fosfaras ɗin da ke cikin ruwan kwatarsa.

Saura ƙulli ɗaya. Ganye a Oktoba yake zuba, gansakuka kuwa sai Yuli take tashi, a tsakani ma tafkin daskarewa yake yi. Me ya haɗa su? Tafki ba rafi ba ne. Mendota ya kai zurfin mita 25, ruwan da ya shige shi yakan yi shekaru kafin ya fita. Fosfaras ba ya ruɓewa, ba ya bin iska. Wani yana zama cikin ruwan, wani ya kwanta a laka ya dawo daga baya. Idan ƙanƙara ta narke, iska ta motsa tafkin daga ƙasa har sama, rana ta yi zafi, gansakuka sai ta tarar an riga an ajiye mata abinci.

Abin da ya rage shi ne matsayin injin zuƙar ganyen kansa, kuma a nan tsohon binciken 1973 yana da magana. Cowen da Lee sun lura cewa ganyen da aka yayyanka ya saki fosfaras kusan ninki uku na wanda aka bari sukutum. Ke nan jakar da injin ya niƙa ta fi tulin manjagara haɗari in aka zazzage ta a kan kwalta. Jakar nan ɗaya, in aka juye ta a gindin itace, ko a kan kwamin furanni, ko a ramin takin gargajiya, ta fi saurin ruɓewa ta zama taki. Saurin sakin da ya sa ta zama illa a titi, shi ne amfaninta a lambu.

Ba wanda ya ce a sare itatuwa, don inuwarsu da ruwan saman da suke tarewa sun fi ƙarfin wannan lissafi. Ba kuma wanda ya ce share titi zai wanke laifin gonaki. Abin da aka canza shi ne wuri da lokaci. Birnin yana umartar masu gida su tara ganye a kan zirin ciyawar da ke tsakanin hanyar ƙafa da titi, kada ya taɓa kwalta, ko ma su niƙa shi su bar shi a filinsu. A watannin Oktoba da Nuwamba kuma, wanda ya yi rajista yana samun saƙo a waya kwana ɗaya ko biyu kafin ruwa, don ya fita ya kwashe ganyen da ke gaban gidansa. Mai injin da ya fahimci haka ba ya fara aiki daga tsakar gida. Bakin titi da kan kwata yake fara zuƙewa, ya juyo da jakar cikin gida.