Gaskiya da ƙarya game da bayanin kayan aikin wakilan ƙirƙirarriyar basira

Wakili, a fagen ƙirƙirarriyar basira, manhaja ce da ba ta tsaya ga amsa tambaya ba, domin tana iya kiran wasu manhajoji su duba mata hasashen yanayi ko farashin kaya, ko ma su aika kuɗi, kuma waɗannan manhajoji su ake kira kayan aikinta. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da hanyar yin wannan kira a watan Yunin 2023, sannan kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar Model Context Protocol a watan Nuwamban 2024 domin daidaita yadda ake haɗa wakili da kayan aiki, maganganu sun yawaita a kan lamarin, wasu da tushe, wasu kuwa shaci-faɗi ne.

Mafi yaɗuwa ita ce cewa wakili yana leƙa cikin kowace manhaja ya gane aikinta da kansa, saboda haka bayanin da aka rubuta a kanta ado ne kawai. Wannan ba gaskiya ba ne. Abin da ke isa gare shi bai wuce sunan kayan aikin, da bayanin da mai shi ya rubuta, da jerin abubuwan da za a cike kafin ya yi aiki ba, ta yadda matsayinsa ya yi kama da na ɗan aiken da aka tura kasuwar da bai taɓa zuwa ba, da 'yar takarda a hannu. A ƙaddara ƙungiyar manoman albasa a Dinawa ta samar da manhajar farashi, aka rubuta a kanta cewa tana faɗin kuɗin albasa, aka yi shiru. Bayanin bai ce buhu ake nufi ko kwando ba, bai bambanta sabuwar albasa da wadda aka ajiye ta bushe ba, bai kuma nuna ko farashin kasuwar Achida ne ko na birnin Sakkwato ba, alhali tsakaninsu akwai kuɗin mota da ladan dillali. A irin wannan hali wakilin yakan cike giɓin da zato, ya kuma miƙa amsarsa cikin natsuwa kamar ya tabbatar, wanda shi ne ainihin haɗarin. Hatta sunan gari yana buƙatar fayyacewa, tunda ban da Wurno ta Sakkwato akwai wata Wurnon a ƙasar Birnin Kudu ta jihar Jigawa. Haka nan manhajar da ke faɗin yawan ruwan madatsar Goronyo, idan bayaninta bai tilasta a ambaci ranar da aka yi awon ba, tana iya sa mai noman rani a fadamar Rima ya dogara da alƙaluman watan jiya.

Akwai masu cewa tunda haka ne, gwargwadon tsawon bayani gwargwadon kyansa, kuma rabin wannan magana daidai ne. Bayani mai kyau yana faɗin abin da kayan aikin ke yi, da lokacin da bai kamata a taɓa shi ba, da irin amsar da yake dawowa da ita, sai dai kowace kalma tana cin wuri a iyakantaccen rubutun da wakili ke iya riƙewa a lokaci guda, kuma idan kayan aiki biyu suka yi kama a bayani sai ya riƙa ɗaukar wannan a madadin wancan.

Zaton cewa ƙwararre zai karanta bayani ya yanke hukuncin ingancinsa shi ma kuskure ne, domin abin da ya gamsar da ɗan Adam ba lalle ya gamsar da na'ura ba. Ana auna shi ne da gwaji, wato a tara ayyuka irin na zahiri a ba wakilin, a ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan da ya dace, sau nawa ya cike gurabe daidai, da kuma ko ya iya haƙura bai kira komai ba a inda babu kayan da ya dace, sannan a gyara bayanin a sake gwadawa. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun kafa ma'auni irin wannan a 2024, kuma a shekarar ce kamfanin Sierra ya fitar da nasa, wanda ya nuna cewa wakilin da ya yi nasara sau ɗaya yakan faɗi idan aka maimaita masa aikin sau da yawa. Sai dai ma'aunin Sierra na farko an gina shi ne da Ingilishi a kan tikitin jirgin sama da cinikin kanti, don haka samun maki mai yawa a can ba shaida ba ce cewa wakili zai fahimci manomin Rabah da ya rubuta saƙo da Sakkwatanci, a wayar da ba ta da haruffa masu ƙugiya. Cewa da ake yi Hausa ba ta aiki sam da waɗannan manhajoji ƙarya ce, amma raunin manhajojin a cikinta gaskiya ne, saboda ƙarancin rubutun Hausa da aka horar da su da shi.

Maganar da ta fi kama da almara kuwa, wato cewa ana iya yaudarar wakili ta hanyar shi kansa bayanin kayan aikin, ita ce ta tabbata. A watan Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna yadda mugu zai ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wakili ya karanta ya bi, har ya kwashi bayanan sirri ya aika, alhali mai wayar ko kwamfutar taƙaitaccen suna kawai yake gani a fuskarta. Saboda haka tantancewa ta haɗa da karanta cikakken bayanin, da sa ido ko an canza shi bayan an amince da shi, da hana wakili aika kuɗi sai mai asusun ya tabbatar da hannunsa.