Yadda likitoci ke hango ciwon huhu bayan fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa

Idan jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwa, hankalin dangi yakan koma kan hannu da ƙafar da suka shanye. Likitoci kuwa a makon farko suna sa ido a kan ƙirji, domin ciwon huhu na cikin manyan abubuwan da ke kashe majinyatan da suka tsira daga zubar jinin.

Shanyewar ɓarin jiki, wadda asibitocin Nijar, Kamaru da Chadi ke kira AVC, iri biyu ce: toshewar jijiya da fashewarta. Binciken SIREN da aka gudanar a Ghana da Najeriya, aka wallafa a 2018, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar fashewa ce, kuma hawan jini ne babban sanadi.

Daga maƙogwaro matsalar ke farawa

Jinin da ya taru a ƙwaƙwalwa yakan lalata haɗiya, ya raunana tari. Yawu, ruwa ko abinci sai su zarce huhu tare da ƙwayoyin cutar baki, wani lokaci ba tare da majinyacin ya ƙware ba. Raunin ƙwaƙwalwar kuma yana rage ƙarfin garkuwar jiki na wasu kwanaki.

Yadda ake auna haɗarin

A 2014 masu bincike a ƙasar Sin suka fitar da ma'aunin ICH-APS, daga bayanan rajistar masu cutar ta ƙasarsu. Ana ba da maki kan yawan shekaru, shan taba, yawan shan giya, daɗaɗɗen ciwon toshewar numfashi, dogaro da wasu tun kafin rashin lafiyar, tsananin shanyewar da wahalar haɗiya. Ana kuma duba farkawar majinyaci da ma'aunin Glasgow, mai maki 3 zuwa 15. Ƙarancin maki na nufin suma mai nauyi. Siga ta biyu ta ma'aunin tana ƙarawa da yawan jinin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna.

Amfaninsa a asibitin da ke da ƙarancin ma'aikata shi ne yawancin tambayoyin ana amsa su a bakin gado, sai a san wanda ya fi buƙatar kulawa.

Abin da ke karewa

Manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2015, a Holan da Birtaniya, sun nuna cewa ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin ciwon ya zo bai hana shi ba. Abin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne gwajin haɗiya kafin a ba majinyaci komai ta baki, ɗaga kan gado, tsabtace baki kullum, da ciyarwa ta robar hanci idan haɗiya ta gagara.

A nan masu jinya ke da babbar rawa. Ɗura kunu, ruwa ko rubutu a bakin wanda bai farfaɗo sosai ba, ko da don tausayi ne, na iya kai su huhu kai tsaye. Zazzaɓi, saurin numfashi, majina mai kauri ko sauyin murya bayan kurɓar ruwa alamu ne da ya kamata a sanar da ma'aikatan jinya nan take.