Mugun kawa: baƙon da awakinmu ke shuka mana

Ƴan'uwa mata, duk wadda ta taɓa taka ƙayar mugun kawa a hanyar rijiya ba sai an yi mata bayaninsa ba. Amma mu nawa muka san iccen nan baƙo ne? Asalinsa can ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, zamanin da aka soma frojen Keita, an yi ta dashen itatuwa don tsare iska da zaizayar ƙasa, shi ma yana cikin waɗanda aka so, don ba ya jin ƙishi, ko kan fako sai ya kama. Gaskiya ya yi rana: ya riƙe ƙasa, ya ba mu iccen girki.

To, wa ya kai shi fadamar da ba a dasa shi ba? Awakinmu ne. Ƴaƴansa zaƙi gare su, akuya na cin su da rani in ciyawa ta ƙare, amma ƙwayar ciki tauri gare ta, ba ta narkewa. Sai ta fito lafiya lau cikin kashi, mu kuma mu kwashe takin mu kai gona da kanmu. Saura ruwan korama ya ja ya zube can ƙasa. Ni kaina bara na iske shi ya tsiro tsakiyar fangalin albasata, na yi ta mamaki, ashe takin gidana ne.

Ga wadda ta ci bashin asusu ta sayi akuya: kada ki bari ƴaƴan nan su zama abincinta kullum, suna lalata haƙora da muƙamuƙi. A Kenya, cikin 2006, har kotu makiyaya suka kai akuya mai giɓi don shaida.

Sara kaɗai ba ya kashe shi, kututturen tofowa yake, ya ma fi da yawa. Sai an tona an yanke shi ƙarƙashin ƙasa. Ƙarami kuwa, da damina ƙasa na da laushi, hannu ma na cire shi. In za ki ba dabba, a niƙa a inji har ƙwayar ta fashe, a gauraya da dussa.

A ƙungiyarmu ta Tabotaki mun yanke: ranar zubi, kowace ta biya ta fangalinta ta tuge ƙanana kafin ta zo. Manyan kuwa, sai mun ga ma'aikacin gandun daji tukuna, kada a ci mu tara.