Maganin Tsufa: Inda Bincike Ya Tsaya

Kowace ranar Lahadi kasuwar Baleyara, wadda ke kimanin kilomita 100 daga Yamai bisa hanyar Filinge, takan cika maƙil. Dattawa daga ƙasar Kurfai da kewaye sukan zo da bisashensu, wasunsu kuwa ba su komawa gida sai sun tsaya wurin masu tallar ƙwayoyi, suna neman abin da zai maido musu ƙarfin jiki. To, shin akwai maganin tsufa?

Masana sun daɗe suna wannan nema. Manufarsu ita ce mutum ya tsufa da lahiyarsa, yana zuwa gona da kasuwa da ƙafarsa. Magunguna biyu aka fi ambata.

Na farko shi ne rapamisin, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta da ke cikin turɓayar tsibirin Rapa Nui, can tekun Pasifik. A shekarar 2009 masu bincike a Amurka suka bayyana cewa tsofaffin ɓerayen da aka bai wa maganin sun ƙara kwana: kashi 14 cikin 100 ga mata, kashi 9 ga maza. Amma ɓera ba mutum ba ne. A jikin ɗan Adam maganin yana raunana garkuwa, shi ya sa ake ba da shi ga wanda aka dasa wa ƙoda, domin kada jikinsa ya ƙi ta.

Na biyu shi ne metformin, maganin ciwon sukari, wanda likita Jean Sterne ya gwada a kan majinyata a Faransa a 1957. A Amurka an tsara gwada shi a kan dattawa 3,000 masu shekara 65 zuwa 79, a ga ko zai jinkirta cututtukan tsufa, amma ba a samu sakamako ba tukuna. Yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda.

Saboda haka har yau ba a tabbatar da wata ƙwaya mai hana mutum tsufa ba. Duk wanda ya ce yana da ita a faifansa, kuɗin dattijo yake so.

Abin da ke da tabbaci yana kusa. Hawan jini kan ɓoye shekara da shekaru kafin ya shanye wa mutum ɓarin jiki, alhali awonsa a gidan likita minti kaɗan ne. Ya kamata ƴaƴa su raka iyayensu awon jini da na sukari, masu gari da malaman yaƙi da jahilci su riƙa tunasar da jama'a. Rigakafi ya fi magani.