Hoton Aiki Talla Ne, Hoton Amarya Amana Ce

Da zarar masara da dawa da waken suya sun bar gona, wasu sun shiga rumbu wasu sun nufi kasuwar Sheme da ta Ɗandume, sai kakar biki ta kama a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Takan sake kamawa a watan Sha'aban, lokacin da kowane uba ke son 'yarsa ta yi azumi a ɗakinta. A waɗannan makonni tela ba ya ganin shimfiɗarsa, kafinta na amsa sallama da ƙusa a baki, mai lalle kuwa sai a yi mata layi tun hantsi. Wannan duk tsohon abu ne. Sabon shi ne yadda ake ƙulla cinikin. A da uwar amarya kan aiki yaro ya kira mata wadda ta yi wa yayar amarya kitso. Yanzu amarya ce ko babbar ƙawarta ke miƙo waya ta ce, "Anti, irin wannan nake so."

Ya kamata masu sana'ar biki su san inda wannan hoto yake fitowa, domin a can ake raba ciniki. Instagram da Pinterest duk a 2010 suka bayyana, kuma a kan hoto aka gina su. A 2017 Pinterest da Google kowanne ya fito da abin da ya kira Lens, wato bincike da hoto maimakon rubutu. Alamar kyamarar nan da ke gefen wurin bincike na Google a wayar Android, ita ce. Yarinya ta ga wata atamfa a wurin kamu, ta ɗauke ta a waya, manhajar ta duba zane da launi da siffa, ta jero mata makamantanta daga shafukan da ke buɗe ga kowa. Haka ake yi da zanen lalle, da ɗaurin kallabi, da fuskar gado.

Sai dai manhajar zane take ganewa. Ba ta san cewa hannun da ya yi zanen yana Faskari ba sai an rubuta mata. Nan ne yawancin masu sana'armu ke asara ba su sani ba. Kusan duk tallarsu a status na WhatsApp take, wanda kamar farantin talla ne da ba ya wuce zaure: bayan sa'o'i 24 ya ɓace, ba mai ganinsa sai wanda kuka adana lambar juna, Google kuma ba ya leƙa shi. Status yana riƙe tsohon abokin ciniki, ba na musu. Amma angon da ke aiki a Kaduna ko Abuja, amaryarsa tana Daudawa, yana neman wanda zai haɗa masa kujeru a kusa don gudun kuɗin mota da haɗarin hanya, ba zai taɓa ganin status ɗinka ba. Shafin sana'a buɗaɗɗe a Facebook ko Instagram ko TikTok zai gani, in har ka rubuta kalmomin da shi zai rubuta: "gadon amarya Sabuwa", "ɗinkin anko Ƙanƙara", "lallen amarya Faskari". A rubuta sunan gari a sunan shafin da kuma ƙarƙashin kowane hoto, a maimaita shi ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, tunda da yawa Kankara suke bugawa a waya. WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, kyauta ce, kuma tana da wurin jera kaya da farashinsu, ba sa ɓacewa.

Batun farashi, ni ban ga hikimar ɓoye shi ba. An kwaikwayi manyan masu kwalliya na birni ana cewa sai an turo saƙo a keɓe kafin a faɗi farashi. Mutumin karkara idan bai ga kuɗin abu ba, sai ya ɗauka ya fi ƙarfinsa, ya wuce. A ce "daga kaza yake farawa" ya wadatar.

Ɗaukar hoton ba ta buƙatar waya mai tsada. A goge kyamara, a fita hasken safe ko na la'asar, a sa hannu ko riga a kan zane marar ado. Gajeren bidiyon da ke nuna hannu yana zana lalle, ko keke yana cin leshi, ya fi hoto goma, domin shi ne shaidar cewa aikin naki ne. Sunan sana'a da lambar waya a ɗora su a tsakiyar aikin, don wanda aka sa a kusurwa yanke shi ake yi.

Wannan ya kawo mu ga cutar da ta fi yawa a tsakanin masu sana'ar kansu, wato tallar aikin wani. Mai kwalliya ta kwaso hoton amaryar Kano ko Legas ta sa a shafinta ba bayani. Tela ya ɗauko riga daga Pinterest ya ce "ɗinkinmu". An karɓi kafin alƙalami, ranar kamu ta zo, abin da ke madubi daban, abin da ke waya daban, ga mata sun cika tsakar gida, ba lokacin gyara. A babban birni mai irin wannan hali na iya sauya suna ya ci gaba. A Sabuwa ina zai sauya? Kafin a kai amarya labarin ya zaga gari. Kuma manhajar da ke kawo ciniki ita ce ke tona asiri: duk mai waya na iya sa hoton a Google Lens ya ga shafin da aka ɗauko shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare hoto kamar yadda ta kare littafi, amma tun kafin a je ga doka, wannan algus ne. Ba laifi a nuna samfuri, a dai rubuta ƙarara cewa samfuri ne daga wani wuri, sannan a ajiye naka kusa da shi.

Iyaye da amare su ma su rage yarda da ido. An ce gani ya kori ji, amma a waya ganin ma sai an bincika. Akwai rigunan da kwamfuta ce ta ƙirƙire su, ba allurar da ta taɓa su, ba kuma telan da zai iya fitar da su. Akwai fuskokin da manhaja ta wanke har ta share ramin gashi. Yarinya ta ga wannan hasken ta ce shi take so, sai a nufi man bilicin da haɗe-haɗe da sunan gyaran jiki, alhali a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Dilka da halawa da muka gada ba su taɓa alƙawarin mayar da baƙa fara ba. Haka baƙin lalle: don ya fito ƙirin a hoto wasu na zuba rinin gashi mai sinadarin PPD, wanda ke sa fatar wasu ta yi bororo ta bar tabo. A gwada a ɗan wuri kwanaki kafin biki, kuma mai lalle ta faɗi abin da ta haɗa.

Yanzu ga abin da ya bambanta yankinmu da Kano ko Abuja, kuma shi ya sa shawarar masu koyar da talla a intanet ba ta hawa kanmu yadda take. Su cewa suke a nuna komai, a nuna nan take, a sa alamar wuri. Mu kuwa muna zaune a bakin daji, Faskari na iyaka da Zamfara, Sabuwa na iyaka da Birnin Gwari. A nan ne aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. A nan ne gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme a 2021. Ba wanda ke buƙatar a yi masa bayanin infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Abin tambaya shi ne, me ya sa za mu riƙa yi masa aikinsa a kyauta?

Dubi abin da hoto ɗaya ke faɗa. Mai sayar da kayan lefe ya jera akwatuna a falon mutane, ya buɗe na sarƙa da awarwaro, ya rubuta sunan gidan don a san manya ke saye a wurinsa. Mai jere ta ɗauki bidiyo tun daga ƙofar gida har ƙuryar ɗaki, ga talabijin ga firji ga injin wuta. Mai hoto ya sa katin gayyata da rana da sa'a da unguwa. Wata ta rubuta, "Gobe in sha Allahu sai Yankara, kai amarya." Kowannensu talla yake yi da zuciya ɗaya. Amma wanda ya haɗa su ya san gidan da ke da hali, ya san ranar da dangi na birni za su taru, ya san hanyar da motoci za su bi da lokacin. Shafin da aka buɗe don baƙo ya same ka, ba ya tantance wane baƙo ne.

Saboda haka a nuna aikin, a ɓoye mai shi. Hannu da ƙafa sun isa tallar lalle. Gado a ɗauke shi a shagon kafinta kafin a ɗora shi a mota. Kayan lefe a nuna su a kanti, ba a gidan da za su ba. Kada ƙofar gida ko lambar mota ko wani gini da za a gane ya shiga hoto. Kada a watsa biki kai tsaye, kuma kada a sa komai sai taro ya watse baƙi sun isa gidajensu. Tallar da ta jira mako guda ba ta rage daraja. A kashe alamar wuri a kyamarar waya, domin hoton da aka tura a matsayin fayil yana iya tafiya da bayanin inda aka ɗauke shi. Macen da ke sana'a a cikin gida kada ta kafa gidanta a taswirar Google. Sunan gari ya isa, sauran kwatance sai an san mai tambaya, ko an san wanda ya san shi. Idan da hali, layin sana'a daban, na gida daban.

Sai fuskar amarya. Kuɗin kwalliya ta biya, ba ta sayar da fuskarta ba. Sau da yawa ba a ma tambayarta. Tana zaune ido a rufe ana shafa hoda, wata na ɗauka. Idan ma an tambaya, a ranar ne, cikin kunya da hayaniya, lokacin da ba za ta iya cewa a'a ba. Tambayar ta gaskiya tun ranar karɓar kafin alƙalami ake yin ta, a gaban uwa ko yaya: "Hajiya, kun yarda in sa hoton? Da fuska ko ba fuska?" A kuma tuna akwai ango da danginsa, waɗanda ba lalle su ji daɗin ganin matar ɗansu tana yawo a TikTok da waƙa a kanta ba. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗauki hoton da za a gane mutum da shi a matsayin bayaninsa na kansa. Hoton da ya fita kuwa ba ya dawowa ko an goge shi, domin wani ya riga ya adana. Irin waɗannan hotuna ne 'yan damfara ke buɗe shafukan bogi da su suna yaudarar maza, ko a manna su a tallar kayan mata, yarinya tana ɗakin mijinta ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Damfarar kuɗi ta kowane ɓangare take zuwa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma taransifa, da shi kuma alat na bogi ya yawaita. Saƙon tes ko hoton rasit ba kuɗi ba ne. A buɗe asusu a ga kuɗin sun zauna kafin kaya su fita. Wani zai kira da ladabi, "Hajiya, na ga aikinki, za mu sa ki a rukunin masu samun tallafi, karanto min lambobi shida da suka shigo miki." Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinki ne. Da kin karanta, ya ƙwace, ya bi abokan cinikinki ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kuɗi da sunanki. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, minti biyu ne aikinta.

Mai saye kuma, shafin da ya ce yana Kantin Kwari yana sayar da shadda da leshi a rabin kuɗi, ka nemi kiran bidiyo ya nuna maka kayan da shagon. Ka sa hotunansa a Google Lens ka ga ko na wasu ne. Ka duba ko sunan asusun ya dace da wanda kake magana da shi. Mafi sauƙi, wane ne a cikinmu ba shi da ɗan'uwa ko direban da ya sani a Kano ko Funtuwa da zai taka ya gano? Idan an riga an cuce ka, banki za ka fara sanarwa a ranar, sannan 'yan sanda, kuma kada ka goge hirar.

A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sai wajen ƙarshen shekarar aka fara maido da su. A tsawon watannin ba a daina ɗaura aure ba, amma shafi da status sun zama ba su da amfani ga wanda ke cikin gari. Ko ba a sake katsewa ba, shafin na kamfani ne, yana iya rufe shi ba tare da ya ji ta bakinka ba. Don haka a wanke hotunan aiki mafiya kyau a sa a albam a ajiye a shago. A sayi littafi mai bango mai ƙarfi, a rubuta sunan kowane abokin ciniki da lambarsa da unguwarsa, da abin da aka yi alƙawari, da abin da ya bayar da abin da ya rage, da ranar karɓa. Idan an yi ciniki a kan hoto, a rubuta wane hoto ne da irin yadin da za a yi amfani da shi, mai aiki da mai biki su sa hannu a gaban shaida ɗaya.